Zaren da Na Kwance

Ni ne na kwance zaren. Ba shi ya warware da kansa ba, ba kuma tantabarun ne suka tsinke shi da baki ba, kamar yadda aka yi ta faɗa a gidanmu shekara da shekaru. Ni Haladu, babban ɗan maginin ƙauyenmu, ni na sa haƙori na kwance shi da gangan, ranar wata Alhamis a ƙarshen bazarar shekarar da na gama firamare, lokacin da hadari ya fara leƙowa ta gabas amma ruwa bai sauka ba tukuna. Kowa yana gona ana sharar ƙasa ana ƙone kututture. Ni aka aiko gida in ɗauko fura. Na tarar da gidan shiru, sai kaji suna haki a inuwar rumbu, Kaka tana barci a ɗakinta, tantabarun ƙanina Mamuda biyu kuma suna yawo a ƙasa da fikafikansu a ɗaure. Na tsaya ina kallonsu da ƙwaryar fura a hannu. Sai na ajiye ƙwaryar.

Kafin in faɗi sauran, bari in faɗi wane ne ubanmu, don ba na so wanda ya karanta wannan ya ɗauka laifin nasa ne. Baba magini ne na ƙasa, kuma a duk ƙauyukan da ke kewaye da namu a ƙasar Kazaure babu wanda ake kira idan ana son soro mai ɗaurin guga, rufin nan mai lanƙwasa kamar baka, sai shi. Da kaka ta wuce aka kai amfani gida, aikinmu ya tashi. Mukan je bakin kududdufi mu haƙo jar ƙasa, mu jiƙa ta, mu zuba mata dakakkiyar ciyawa, mu yi ta cuɗawa da ƙafa har tafin ƙafarka ya daina jin ƙaya. A bar ta ta kwana ta ruɓa, a sake cuɗawa, sannan a mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, a jera a rana kamar 'yan makaranta a layi. Ranar gini Baba yakan hau katanga ya zauna a kanta kamar mai hawan jaki, ni ina ƙasa ina cilla masa tubali ɗaya bayan ɗaya, yana cafewa ba tare da ya dubo ni ba. Tun ina cillawa yana faɗowa a kaina har hannuna ya san nisan. Na san warin makuba idan an jiƙa ta don yaɓe, na san yadda ake zaɓen azarar da gara ba ta ci, na san inda ake kafa indararo don kada ruwa ya zaizaye gindin bango. Idan muka gama soro Baba ya sauko ya wanke hannu, mutane suka taru suna ɗaga kai suna kallon zankwaye, ni da ke tsaye a gefe da laka har gwiwa ji nake kamar ƙirjina zai fashe. Har yau idan aka tambaye ni ɗan wa ne, sai in ce ɗan magini ne, kuma ba a hankali nake faɗa ba.

Amma ni ɗan fari ne, kuma sunan mahaifin Baba aka sa mini. Duk wanda ya tashi a irin gidanmu ya san abin da wannan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Idan yana nemana sai ya ce, "Kai," ko ya tambayi Inna, "Ina yaron nan?" Inna kuwa ta fi shi, don ita ko kallona ba ta yi sosai idan da baƙi, kuma idan maƙwabciya ta yabe ni a gabanta sai ta kama wata hira kamar ba ta ji ba. Alkunya ce, kowa ya san haka, ni ma na sani. An gaya mini tun ina ƙarami cewa iyaye ba sa nuna son ɗan fari a fili, wai rashin ta ido ne. Na sani da kaina, amma cikina bai sani ba. Mai kiran sunana da daɗi a gidan ita ce Kaka, uwar Baba, ita ma ba sunan take faɗa ba tunda sunan mijinta ne. "Maigida," take ce mini, "yau ma ba cefane? Wannan miji nawa sai dai laka." Ta kan ɓoye mini ƙanzon tuwo da ƙuli-ƙuli a ƙarƙashin faifai.

Mamuda shi ne mai bi mini a maza, akwai mata biyu a tsakaninmu. Yaro ne siriri mai manyan kunnuwa, ba ya iya langa, ko a ƙwallon tsumma gola muke sa shi. Amma Allah ya ba shi kai da hannu. Motar kara da yake yi har ƙofa take buɗewa. A makarantarmu, inda ƙararrawa tsohon ƙarfen tayar mota ce a rataye a jikin darbejiya, ni an fi sanina da ɗebo wa malamai ruwa da toshe ramin ɓera a bangon aji, shi kuwa an san shi da lissafi. Kuma shi babu alkunya tsakaninsa da Baba. A dandali bayan la'asar, a gaban dattawa, Baba yakan jawo shi jikinsa ya shafa kansa ya ce, "Mamudana ke nan. Ku tambaye shi ko nawa ne buhu goma sha biyu in an raba wa mutum kaza." A tambaye shi ya ba da amsa, a yi ta mamaki. Ni ina can gefe ina kankare busasshiyar laka daga farcena.

A ranin wannan shekarar ne na yi katangata ta farko ni kaɗai. Wata tsohuwa ce a bakin hanyar kasuwa, awaki sun dame ta suna shiga garkarta suna cinye mata rama da yakuwa. Baba yana da aikin masallaci a wani ƙauye, sai ya ce da Inna, ina zaune ina ji, "A gaya wa yaron nan ya je ya yi mata." Na je na yi. Ni na haƙa tushe, ni na cuɗa, ni na mulmula, ƙanwata Hanne ke cillo mini tubali. Na yi wa katangar gindi mai kauri na rage mata a sama yadda na ga yana yi, na shafe ta da tafin hannu har sawun yatsuna ya fito a jere kamar zane. Da ta bushe Baba ya zo dubawa. Ya zagaya ta ciki da waje, ya tsuguna ya hango miƙewarta da ido ɗaya, ya kafa mata kafaɗa ya tura da ƙarfinsa duka. Ba ta motsa ba. Na tsaya ina jira. Ya karkaɗe rigarsa ya ce, "To." Ya wuce. Iyakar abin da na samu ke nan.

Ba a yi nisa ba aka ba da sakamakon jarrabawa, Mamuda ya zo na ɗaya a ajinsu. Ranar kasuwa Baba ya dawo da kwando a bayan kekensa, an rufe bakinsa da tsumma. Ya sauke a tsakar gida ya ƙwala kira, "Mamuda! Zo ka ga abin da kanka ya jawo maka." Tantabaru ne biyu, mace da namiji, farare tas, da gashi a ƙafafunsu kamar sun sa safa, namijin da ɗan baƙi a wuya. Ba a taɓa ganin irinsu a ƙauyenmu ba. Mu namu tantabarun masu ruwan toka ne, kusan ɗaya da hazbiya. Yaran unguwa suka cika gidan har Inna ta kore su da muciya. Kashegari Baba ya ajiye aikin mutane ya gina musu ɗaki a kusurwar gida kusa da rumbu, ɗan dogo mai zagaye, ya binne tsofaffin tuluna a jikinsa bakinsu yana kallon waje, ya kafa 'yan sanduna inda za su riƙa sauka. Wa ya cuɗa ƙasar? Ni. Wa ya cilla tubalin? Ni. Ban taɓa ganin Baba ya yi wa ɗan ƙaramin gini ado irin na wannan ɗakin ba.

Sabuwar tantabara ba a sakinta. Duk inda ka kai ta, idan ta sami fiffike gidanta na da za ta koma. Wasu fige mata gashin fiffike suke yi, amma Baba ya ce wannan mugunta ce. Shi ɗaurewa yake yi: a haɗa dogayen gashin fiffiken a naɗe su da zare a ƙulle, ta iya tafiya ta iya tsalle amma ba ta iya tashi. A bar ta haka har ta saba da gida ta yi ƙwai. Da zarar ta kwanta a kan ƙwai shi ke nan, ko ka kore ta ba ta tafiya. Baba ya karɓi baƙin zare a wurin Inna, ya nuna wa Mamuda ƙullin a fiffike ɗaya, ya ce ya yi sauran da hannunsa. Ya ce masa, "Amana ce na ba ka. Kullum ka duba zaren nan safe da yamma." Mamuda kuwa ya riƙe. Kafin ya tafi makaranta ya duba, ya dawo ya duba. Yana tsince musu tsakuwa daga gero, yana jiƙa musu kanwa a ruwan sha, yana kwana da tunanin muzuru. Macen har ta fara ɗaukar tsinke tana kaiwa cikin tulu.

Ni kuwa wani abu ya zauna mini a ƙahon zuci. Ban san sunansa ba a lokacin, Kaka ce ta raɗa masa suna. Wata rana ina zaune a ƙofar ɗakinta ina kallon Mamuda yana watsa gero, ta zungure ni da sandarta ta ce, "Maigida, idonka ya yi ja a kan abin ƙaninka." Na ce ni ina ruwana da tsuntsu. Ta ce in kishi nake yi ba komai, kishi ko a wurin noma ana yinsa, ka ga kunyar wani ta fi taka tsawo ka ƙara himma. Abin da take ji mini tsoro shi ne kyashi, wanda ba so kake ka samu ba, so kake shi ya rasa. "Ka tofar da shi tun bai sauka cikinka ba," in ji ta. Na yi dariya na tashi. Ashe ya riga ya sauka. Da tantabarun nake so, da na roƙi Kaka ta sa baki an saya mini. Ba su nake so ba. So nake in ji yadda muryar Baba za ta kasance idan ta daina cewa "Mamudana."

To, ranar Alhamis ɗin nan na ajiye ƙwaryar fura na kama namijin. Jikinsa da ɗumi, zuciyarsa tana bugawa a tafin hannuna. Na ja bakin zaren da farce, ya ƙi. Na sake ja, ya ƙara shigewa. Yaron nan ya yi ƙulli irin wanda ko Baba sai haka. Sai da na kai fiffiken bakina na sa haƙori, ina jin warin gashin tsuntsu a hancina, na yi ta ɗan ja a hankali don kada zaren ya tsinke a gane, har ya saki. Haka na yi wa sauran fikafikan. Na ajiye su a ƙasa. Da farko ba su san an sake su ba, suka ci gaba da tsattsagar ƙasa. Har na ji wani sanyi, na ce ko in mayar. Sai namijin ya girgiza, ya miƙe fiffike ɗaya, ya miƙe ɗayan, ya yi tsalle ya hau kan rumbu. Macen ta bi shi. Suka tashi da wani irin tafi, suka zagaya gidanmu farare a cikin baƙin hadarin, suka miƙe gabas. Na watsar da zaren a gindin ɗakinsu kamar ya zube da kansa, na ɗauki fura na koma gona. Har Baba ya ce da Inna yaron nan ya daɗe.

Da yamma muka dawo. Mamuda ya riga kowa shiga gida, kukansa muka jiyo tun daga zaure. Maƙwabta suka shigo. Baba ya tsuguna ya tsinci zaren, ya ga bai tsinke ba, warwarewa ya yi. Bai dake shi ba, Baba ba mai duka ba ne. Ya dube shi kawai a gaban mutane ya ce, "Ashe kai ba a ba ka amana." Ya jefar da zaren ya shiga ɗaki. Mamuda yana ta rantsuwa cewa ya duba da safe, wallahi ya duba, babu mai saurarensa. Wani ya ce ai ƙullin yara ne, wani ya ce tantabara da wayo, da baki take warwarewa. Ni ina tsaye a jikin rumbu ina jin su. Kaka ta dube ni daga ƙofar ɗakinta, na kawar da kai, kuma har ta bar duniya ba ta tambaye ni ba. Ranar kasuwa Mamuda ya bi 'yan ƙauyenmu a ƙafa ya je neman mutumin da ya sayar da su, mutumin ya ce bai ga komai ba. Ya dawo ƙafafunsa a kumbure. Ɗakin tantabarun ya zauna babu kowa, daga baya Inna ta riƙa ajiye albasa a cikin tulunan. Na sami abin da nake so, Baba ya daɗe bai ce "Mamudana" a dandali ba. Amma bai fara cewa "Haladuna" ba, kuma tuwon gidanmu ya daina yi mini daɗi.

Shekaru suka tafi. Mamuda ya wuce sakandare ya wuce jami'a, ni da Baba muna kan katanga, kuma ina alfahari da cewa da laka a hannunmu aka kai shi can. Sai bulo da siminti da kwano suka shigo, masu son soron ƙasa suka ragu, gwiwoyin Baba suka gaji. Na tafi Kano na yi gadi a wata masana'anta, daga nan wani ɗan garinmu ya yi mini hanya na zo Doha, a ƙasar Larabawa. Ina nan Baba ya rasu, ban sami jana'izarsa ba. Yanzu gadi nake yi a wani dogon bene na gilashi a unguwar West Bay, ina tsaye a ƙofa da yunifom ina duba katin masu shiga, motar kamfani ta kwashe mu ta mayar da mu masauki can wajen Asian Town.

Tsayuwar ƙofa tana koya wa mutum kallon mutane. Na ga Balarabe ya fito daga mota ya rungume babban ɗansa a bainar jama'a, ya sumbaci goshinsa, ya kira shi da suna yana ma sha Allah, har ma shi uban da sunan ɗan ake kiransa, baban wane. Abokin aikina ɗan Nepal ba ya bari in sha shayi sai ya tura mini waya a fuska in ga 'yarsa ta fari da kayan makaranta. Wata 'yar Filifin mai shara ta manna hoton ɗanta a jikin kwalbar ruwanta. Kowace ƙabila da yadda take faɗin abin da take taƙama da shi. Nakan tsaya ina kallonsu in ce a raina, mu namu uban "To" ya ce.

Sai ga Mamuda ya zo Doha shi ma, injiniyan gine-gine, kamfani ya ɗauko shi da iyalinsa ya ba su gida a unguwar Al Thumama. Ranar da na fara ganinsa da farar hular kwano a gindin wani gini yana nuna wa Turawa da Indiyawa abin da za su yi, na kira duk masu gadin wurin na ce ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗan magini ne. Duk Juma'ar da nake hutu can nake yini, matarsa Rakiya ta tuƙa tuwo da miyar kuka, yara su hau kaina. Ɗansa na fari sunana ya sa masa, don haka shi ma bai taɓa kiran sunan yaron ba, sai "kai" ko "mai sunan Yaya." A gidan ne na lura da wani hali nasa. In za mu fita sai ya kulle ƙofa, mu shiga mota, ya fita ya koma ya murɗa ta. Ya duba gas, ya dawo, ya sake komawa. Rakiya takan ce, "Yalla mana, mu tafi, Injiniya, khalas, ya isa haka, ƙofar nan ba ƙafa gare ta ba." Wata rana na taya ta tsokanarsa, na ce ko a wurin aiki haka yake wahalar da mutane. Ya yi murmushi ya ce, "Yaya, ai ka san ni. Ni ne wanda ba a ba shi amana. Baba ya tafi yana ganina a haka." Da wasa ya faɗa, amma bai dube ni ba. Mutum mai furfura a gemu, wanda ake danƙa wa bene mai hawa da yawa, yana yawo da maganar da aka gaya masa a kan zaren da ba shi ya kwance ba. Na kasa cin tuwon ranar. Na san ni kaɗai a duniya zan iya sauke masa ita, na kuma san in na sauke ba lalle in sake zama a kan wannan tabarmar ba. A garin nan kuwa ba ni da kowa sai shi.

Na yi ta ɗagawa daga wannan Juma'a zuwa waccan, har lokacin sanyi ya shigo, Rakiya ta ce a kai yara Katara, wani wurin shaƙatawa a bakin ruwa, su sha iskar teku. A can akwai wasu dogayen ɗakunan tantabaru masu launin ƙasa, jikinsu duk ramuka da 'yan sanduna a kafe, tantabaru farare suna shiga suna fita. Da na hango su na rage tafiya. Rakiya ta wuce da yara wajen ruwa, mu biyu muka tsaya a gindin ɗaya. Don in sami abin yi da hannuna na shafa bangon, na ƙwanƙwasa, na ce wannan ai ba ƙasa zalla ba ce, an yi mata dabara a ciki. Mamuda ya yi dariya ya ce, "Wallahi kamar Baba a jikin katangar tsohuwar nan." Na ce wace katanga? Ya ce, "Taka mana, ta bakin hanyar kasuwa. Ai duk ranar kasuwa in ya goya ni a keke sai ya tsaya a wurin, wai zai gyara sarƙa. Sarƙar lafiyarta ƙalau. Sai ya dafa katangar ya jira wani ya zo wucewa, ya ce masa, 'Malam, tura wannan ka ji.' Mutum ya tura. Sai ya ce, 'Wani yaro ne ya yi ta, shi kaɗai.' Kowa ya san wane yaro ne, a yi ta dariya ana ce masa, 'Yaron wa?' ya ce shi bai sani ba, wani yaro ne dai." Ya girgiza kai. "Ni fa haushi nake ji. Ni ana shafa mini kai kamar ɗan akuya, kai kuwa ana tsayar da keke saboda kai. Har bayan da tsohuwar ta rasu aka sa bulo a unguwar, ya hana a rushe ta."

Ban san lokacin da na zauna a kan dakalin wurin ba. Duk shekarun nan ina kallon iyayen wasu suna kiran 'ya'yansu da suna ina jin an rage mini wani abu, ashe nawa uban tsayar da mutanen kasuwa yake yi su tura katangata. Bai faɗa a gabana ba don ba a faɗa, ya je ya faɗa wa duk garin a bayan idona. Yau ina tsaron ginin da ya fi duk sorayen da muka yi tsawo in an ɗora su kan juna, amma babu sawun yatsan kowa a jikinsa, babu kuma wanda zai kafa masa kafaɗa ya ce "To." Da zan sake jin wannan kalmar sau ɗaya daga bakinsa, da na san yadda zan karɓe ta.

Na ce, "Mamuda, zauna." Ya zauna. Na gaya masa duka, tun daga ƙwaryar fura har zuwa yadda na watsa zaren a ƙasa. Ban rage ba, ban kuma ce yarinta ce ba, don na san abin da nake yi. Ina magana ina kallon takalmana. Da na gama na ɗauka tashi zai yi ya kira iyalinsa su tafi su bar ni a wurin. Tantabaru suna ta kuka a saman kanmu. Can ya ce, da wata ƙaramar murya irin ta wancan yaron mai manyan kunnuwa, "Yaya, ke nan ƙullina bai warware ba?"

Na ce, "Bai warware ba. Na ja da farce ya ƙi. Sai da na sa haƙori, kuma na sha wuya. Ko Baba ba zai yi wanda ya fi shi ba."

Ya cire tabarau ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suna rawa, ban san ko dariya yake ko kuka ba. Na sauko daga kan dakalin na tsuguna a gabansa, ni yayansa, masu yawon buɗe ido suna wucewa suna kallonmu, na kama gwiwarsa na ce, "Ka riƙe amanarka, Mamuda, ni ne na ci ta. Na raba ka da tantabarunka, na sa Baba ya gaya maka abin da ba naka ba, na yi shiru har ya tafi. Shi ba ni da inda zan same shi sai a addu'a. Kai kana nan. Don girman Allah, ƙanina, ka yafe mini."